Bukatu Shida na Talakawan Ingila

Mutane da yawa suna tsammani tun asali kowane Bature na Ingila da ƙuri'arsa aka haife shi. Ba haka ba ne. Mulkin zaɓe kamar soron ƙasa ya ke, in ba a yi masa yaɓe ba sai ya zube. Ga labarin yadda suka yi wa nasu yaɓe.

Kafin shekarar 1832, galibi masu dukiya ne kaɗai ke zaɓe, rabon wakilai kuwa ba adalci cikinsa. Akwai wani kufai, ana ce da shi Tsohon Sarum, wanda mutane suka daɗe da tashi daga cikinsa, amma yana da wakilai biyu a Majalisa. Mancesta kuwa, babban birnin masaƙa, ba ta da ko ɗaya na kanta. A 1832 aka yi dokar da ta soke irin waɗannan kujeru, ta ba manyan garuruwa wakilai. Amma leburori ba su sami kome ba, gama an ce sai mai abin hannu zai yi zaɓe.

To, a 1838 sai wani kafinta a Landan, mai suna William Lovett, shi da abokansa suka rubuta abin da suka kira Takardar Jama'a. Bukatu shida ne a ciki: kowane namiji mai shekara 21 ya sami ƙuri'a, a riƙa jefa ta a asirce, kada a ce sai mai dukiya zai shiga Majalisa, a biya wakilai albashi, don talaka ma ya iya tsayawa, a daidaita yawan mutanen mazaɓu, a kuma sake zaɓe kowace shekara. Sau uku suka kai kukansu Majalisa, a 1839 da 1842 da 1848. Na 1842 mutum fiye da miliyan uku suka sa masa hannu. Sau ukun nan duka aka yi watsi da su.

Mu dubi bukata ta biyu, don ita ce ginshiƙi. A zamanin nan mai zaɓe kan tsaya a bainar jama'a ya faɗi sunan wanda ya ke so da babbar murya, magatakarda ya rubuta cikin littafi. Wanda ke zaune a gonar wani, in ya saɓa wa mai gona, yana iya rasa wurin zama. Wanda ya sayi ƙuri'a da kuɗi ko giya kuwa, sai ya duba littafi ya ga ko an cika masa alkawari. Sai a 1872 aka yi dokar jefa ƙuri'a a asirce. Daga nan mai tsoratarwa da mai saye duka suka rasa hanyar sanin abin da talaka ya yi.

Sauran ma suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. An soke sharaɗin dukiya ga wakilai a 1858. An gyara rabon mazaɓu a 1885. An fara biyan wakilai fam 400 a shekara a 1911. A 1918 maza masu shekara 21 suka sami ƙuri'a. Mata kuwa, waɗanda Takardar ba ta ambata ba, a 1928 suka yi daidai da maza. Zaɓen shekara-shekara ne kaɗai ba a karɓa ba, amma a 1911 an rage wa'adin Majalisa daga shekara bakwai zuwa biyar.

Lovett ya rasu a 1877, biyu kacal daga cikin bukatunsa ya gani da idonsa. Bai fasa ba don an yi masa dariya, bai kuwa nemi a rushe Majalisa ba. Ya dai faɗi wurin da ke yoyo dalla-dalla, yadda kowa zai gane. Mai neman gyaran mulki a ko'ina ya kamata ya riƙe wannan. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.