Zare: Yadda aka fara ƙirga mata a tarukan sauyin yanayi

1/ Jama'a, kun tuna hoton shugabannin duniya a taron sauyin yanayi na COP27 a Masar, 2022? Mutum 110 a tsaye, mata 7 kacal. Hoton nan ne ya sa na koma tonon tarihi. Zaren da ɗan tsawo, ku biyo ni.

2/ A 1992 ƙasashe suka fara sa hannu kan yarjejeniyar sauyin yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Rio na Brazil. Na karance ta tsaf (kar ku tambaye ni me ya kai ni), ba a ambaci mata ko sau ɗaya ba. Amma ƙanwarta, yarjejeniyar yaƙi da kwararowar hamada ta 1994, ta ambace su ƙarara.

3/ Abin dariyar, taron farko na COP a Berlin, 1995, mace ce ta shugabance shi: Angela Merkel, lokacin tana ministar muhalli ta Jamus.

4/ Sai a Marrakesh, 2001, aka yi ƙudurin farko cewa ƙasashe su riƙa tura mata cikin kwamitoci. Roƙo ne kawai, wanda ya ga dama ya bi. Shekara goma sha ɗaya ana jan ƙafa.

5/ Doha, 2012, nan ne a ganina labari ya canza. Aka umarci sakatariya ta riƙa fitar da rahoto duk shekara: mata nawa a tawagogin ƙasashe, nawa a kowane kwamiti. Aka kuma sa batun cikin ajandar kowane taro. Ba tara, ba hukunci. Kunya ce kawai makamin, kowa ya ga lambarsa a takarda.

6/ Daga nan takardu suka yi ta zuwa. Shirin Lima a 2014, ambaton daidaiton jinsi a gabatarwar yarjejeniyar Paris a 2015, tsarin aiki na farko a Bonn 2017, aka faɗaɗa shi a Madrid 2019. Najeriya ma ta fitar da nata a 2020.

7/ To me ƙirgar ta nuna? Mata na nan wajen kashi ɗaya cikin uku na wakilan ƙasashe, yau a ɗan hau, gobe a ɗan sauka. In aka zo kan shugabannin tawaga, abin ya fi haka muni.

8/ Ga inda nake da ja. Ƙirga kujeru a zauren taro ba wuya. Wuyar ita ce ƙirga kuɗi: cikin abin da ake warewa don jure fari da ambaliya, nawa ya isa hannun mace? Innata a ƙauye ita ke neman ruwa da itace, ita ke noman ɗan gayaunarta, amma gonar ba da sunanta take ba. In tallafi ya zo, sunan mai gona ake rubutawa. Wane rahoto ne zai gan ta?

9/ Kar ku ce na raina kujerar fa. Hindou Oumarou Ibrahim, 'yar Mbororo daga Chadi, a irin waɗannan zaurukan ta sa duniya ta ji halin da makiyaya ke ciki a yankin Tafkin Chadi. Da ba ta shiga ɗakin ba, wa zai faɗa?

10/ Kuma kunyar tana ɗan aiki. A Janairun 2024 Azerbaijan ta sanar da kwamitin shirya COP29: maza 28, mace ko ɗaya babu. Aka yi mata ca, cikin 'yan kwanaki ta ƙara mata 12. A taron na Baku ɗin kuma aka tsawaita shirin Lima da shekara goma.