Sharaɗin Zama a Mazaɓa ga 'Yan Majalisun Jihohin Amurka: Wa Yake Karewa?

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin sharaɗin da tsarin mulkin jihohin Amurka ke gindaya wa mai neman kujerar majalisar dokoki, cewa sai ya zauna a jiharsa da mazaɓarsa na wani tsawon lokaci kafin ya tsaya takara. An bi tushen sharaɗin tun daga muhawarar 1787, aka duba tanade-tanaden wasu jihohi da hukunce-hukuncen kotuna, sannan aka ɗora su a kan abin da ya sami wasu 'yan takara a Kalifoniya da New Jersey da New York. Nazarin ya nuna cewa hujjar sharaɗin tana da ƙarfi matuƙar wa'adin gajere ne, amma idan ya yi tsawo, ko aka bar fassararsa a hannun masu shata mazaɓu, yakan koma makamin da masu kujera ke tsare kujerarsu da shi. An kuma kwatanta da Nijeriya, inda asali ya maye gurbin zama.

1.0 Gabatarwa

Abin da talaka ya fi yawan kuka da shi game da wakilinsa shi ne ba ya ganinsa sai lokacin zaɓe. Dokar zama a mazaɓa amsa ce ga wannan kuka: wanda zai yi magana da yawun jama'a ya kasance yana shan ruwan da suke sha, yana bin hanyar da suke bi. Sai dai doka ba ta iya auna kusancin zuciya. Abin da take iya aunawa shi ne adireshi da kwanan wata, kuma tsakanin waɗannan biyu da ainihin abin da ake nema akwai tazara. Wannan tazara ita ce batun maƙalar. An zaɓi Amurka domin jihohinta hamsin kowace da nata tanadin, ga kuma tarin shari'o'i na sama da shekara ɗari biyu.

2.0 Tushen Sharaɗin

Ingila ta taɓa yin irin wannan doka a 1413, ta ce wakili ya zama mazaunin yankin da ya aiko shi. An daɗe ba a aiki da ita, har aka soke ta a 1774. Shi ya sa Winston Churchill ya wakilci Oldham da wani sashe na Manchester da Dundee da Epping da Woodford a lokuta daban-daban ba tare da doka ta tare masa hanya ba. Amurkawa suka ɗauki akasin haka, domin sun ɗanɗani zama ƙarƙashin majalisar da ba su da kowa a cikinta. A taron rubuta tsarin mulki a Filadelfiya a 1787, George Mason ya yi gargaɗin cewa idan babu sharaɗin zama, attajiran jihohin maƙwabta za su sayi kujeru kamar yadda ake yi a wasu mazaɓun Ingila. Wasu kuma, cikinsu har da James Madison, suka ji tsoron kada a hana mutumin da aikin gwamnati ko kasuwanci ya fitar da shi daga gida na ɗan lokaci. An kawo shawarar sa wa'adin shekaru, aka kayar da ita. Abin da ya rage a sashe na ɗaya na tsarin mulkin shi ne ɗan majalisar tarayya ya kasance mazaunin jihar a lokacin da aka zaɓe shi. Ba a ambaci mazaɓa ba, ba a kuma ambaci wa'adi ba.

Jihohi sun yi ƙoƙarin ƙara nasu sharaɗin a kan kujerun tarayya, ba su yi nasara ba. Tun a 1807 Majalisar Wakilai ta bai wa William McCreery na Maryland kujerarsa duk da ƙorafin cewa bai cika dokar zama ta jihar ba. A 1995 kuma, a shari'ar da ta taso daga Arkansas kan ƙayyade wa'adin 'yan majalisa, Kotun Ƙoli ta yanke da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa jiha ba ta da ikon ƙara ko ɗaya a kan sharuɗɗan da tsarin mulkin tarayya ya zayyana. Saboda haka Robert Kennedy a 1964 da Hillary Clinton a 2000 suka zama sanatocin New York ba da daɗewa da sauka jihar ba. A matakin tarayya, hukuncin baƙon ɗan takara yana hannun masu jefa ƙuri'a, kuma suna yanke shi: Sanata Richard Lugar ya sha kaye a zaɓen fid da gwani na 2012 a Indiana bayan da aka yayata cewa ya sayar da gidansa na jihar tun 1977.

3.0 Tanade-tanaden Jihohi

A kan majalisunsu na cikin gida kuwa, jihohi suna da cikakken iko, kuma sun yi amfani da shi. New York tana neman shekara biyar a jiha da wata goma sha biyu a mazaɓa. Teksas tana neman shekara biyar ga sanata, biyu ga ɗan majalisar wakilai, kowanne da shekara guda a mazaɓa. Pennsylvania shekara huɗu ce a jiha, ɗaya a mazaɓa. Illinois ta ɗora nauyin a kan mazaɓar kanta, shekara biyu. New Hampshire ta fi su tsauri ga sanatanta: shekara bakwai. Kalifoniya kuma tana da abin mamaki, domin tsarin mulkinta ya ce shekara uku a jiha da ɗaya a mazaɓa, amma ofishin sakataren jihar ya daɗe yana ɗaukar cewa wannan tanadi ya saɓa wa tsarin mulkin tarayya, don haka ba a tilasta wa'adin.

Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa mai nazari ya yi shakka. Babu wani dalili da zai sa sanin New Hampshire, mai mutum ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, ya buƙaci shekara bakwai, alhali sanin Teksas mai sama da miliyan talatin ya buƙaci biyar. Lambobin nan biyu gadon ƙarni na 18 da na 19 ne, lokacin da labari ke tafiya a kan doki.

4.0 Matsayin Kotuna

A 1972, a shari'ar Dunn da Blumstein, Kotun Ƙoli ta soke dokar Tennessee da ta ce mai zaɓe sai ya shekara a jiha, ya kuma yi wata uku a gunduma, kafin ya yi rajista. Mai shari'a Thurgood Marshall ya kafa hujja da 'yancin zaɓe da 'yancin ƙaura daga jiha zuwa jiha, ya kuma nuna cewa kwana talatin sun wadatar wajen aikin rajista. An yi zaton wannan hukunci zai rushe wa'adin 'yan takara ma. Bai rushe ba. A 1974 John Sununu, wanda daga baya ya zama gwamnan New Hampshire, ya ƙalubalanci sharaɗin shekara bakwai na kujerar sanatan jiha, kotun tarayya ta kori ƙarar, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1975 ba tare da rubuta dogon bayani ba. Hujjojin da aka karɓa su ne ɗan takara ya san jihar, jama'a su san shi, a kuma toshe ƙofar 'yan ci-ranin siyasa.

A ganin wannan maƙala hujja ta biyu ta fi rauni. Idan jama'a ba su san mutum ba, ba za su zaɓe shi ba, don haka ba sa buƙatar doka ta kare su daga abin da ƙuri'arsu ke iya yi. Hujja ta uku ce ke da nauyi, domin mazaɓar majalisar jiha ƙarama ce, kafafen labarai ba su cika sa mata ido ba, kuma mai kuɗi ko uban gidan jam'iyya na iya yin ɗauki-ɗora cikin sauƙi. Wannan damuwar Mason ce, kuma har yau tana nan. Amma shekara guda ta isa ta magance ta.

5.0 Ina ne Gidan Ɗan Majalisa?

Wahalar gaske tana wajen tantance zama. Dokokin jihohi sun bambanta wurin da mutum ke kwana da gidan da ya ɗauka mazauninsa na dindindin, wanda yake da niyyar komawa duk inda ya je. Mutum na iya mallakar gidaje da yawa, amma mazauni ɗaya ne. Niyya kuwa a zuci take, sai kotu ta koma neman alamunta: inda yake biyan haraji, inda motarsa ke kwana, kuɗin wuta da na ruwa.

Roderick Wright ya ci kujerar sanatan jihar Kalifoniya a 2008 da adireshin wani gida da ya mallaka a Inglewood, cikin mazaɓar. Masu gabatar da ƙara suka ce ainihin zamansa a Baldwin Hills yake, wajen mazaɓar, suka kawo shaidar maƙwabta da abin da aka tarar a gidajen biyu. A Janairun 2014 masu taya alƙali hukunci suka same shi da laifi takwas na rantsuwar ƙarya da maguɗin zaɓe. Aka yanke masa kwana casa'in, aka haramta masa riƙe muƙami, ya ajiye kujerarsa. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa da wannan nazari. A 2018 majalisar jihar ta yi dokar da ta ƙarfafa cewa adireshin da ɗan majalisa ya yi rajistar zaɓe da shi shi ne mazauninsa a idon doka, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu, ya kuma yafe wa Wright a Nuwamban shekarar. Wato da sharaɗin ya ciji ɗaya daga cikinsu, 'yan majalisa suka sassauta wa kansu, suka bar sabon ɗan takara da tsohuwar ƙa'ida.

A New Jersey abin ya zo ta wata fuska. Wata kotun tarayya ta yanke a 2001 cewa sharaɗin shekara guda a mazaɓa bai halatta ba, hukumomin zaɓe suka daina aiki da shi. Gabriela Mosquera ta tsaya takarar majalisar jihar a 2011 saura 'yan makonni ta cika shekara a mazaɓarta, ta ci zaɓe, sai abokiyar hamayyarta ta kai ƙara bayan an ƙidaya ƙuri'u. Kotun ƙolin jihar ta soke zaɓen a farkon 2012. Jam'iyyarta ta naɗa ta ta cike gurbin da ita kanta ta bari, domin a lokacin ta cika wa'adin, ta sake cin zaɓe a Nuwamba. An ɓata lokaci da kuɗi, wakiliyar ba ta canja ba. A 2011 ɗin dai aka cire Carl Lewis, gwarzon tsere mai zinare tara a gasar Olamfik, daga takarar sanatan jihar da ya tashi a cikinta, saboda ya yi zaɓe a Kalifoniya a 2009 alhali ana neman shekara huɗu.

Mafi muni shi ne haɗuwar sharaɗin zama da shata mazaɓu, wanda ake yi bayan ƙidayar jama'a duk shekara goma, kuma a jihohi da yawa 'yan majalisar ne da kansu ke riƙe da alƙalamin. Hakeem Jeffries, jagoran 'yan Dimokuraɗiyya a Majalisar Wakilan tarayya tun 2023, ya ƙalubalanci mai riƙe da kujerar, Roger Green, a zaɓen fid da gwani na majalisar New York a 2000, ya sami kusan kashi arba'in cikin ɗari. Da aka sake shata mazaɓu a 2002, sai iyaka ta ratsa ta bar gidansa a waje da tazarar layi guda. Sassaucin da New York ke yi a shekarar shata mazaɓu ya ba shi damar tsayawa a 2002, amma a 2004 ƙofa ta rufe, sai da ya yi ƙaura kafin ya ci kujerar a 2006. Mutumin bai motsa ba, mazaɓar ce aka janye daga ƙarƙashinsa. Da wannan dabarar ake haɗa 'yan adawa biyu a mazaɓa ɗaya domin ɗaya ya kayar da ɗaya. Illinois ta rage wannan ɓarna da tanadin da ya bar ɗan takara ya tsaya a kowace sabuwar mazaɓa da ta ƙunshi wani yanki na tsohuwar mazaɓarsa.

6.0 Kwatanci da Nijeriya

Tsarin mulkin 1999 ya ɗauki fasalin majalisun Amurka amma bai ɗauki wannan sharaɗi ba. Sashe na 65 da na 106 sun nemi zama ɗan ƙasa, da shekaru, da ilimin matakin sakandare, da jam'iyyar da ta tsayar da mutum. Ba su ce ya zauna a mazaɓar ba, ba su kuma ce ya zama ɗan asalinta ba. A aikace kuwa asali ne ke yanke hukunci tun daga cikin jam'iyya, kuma tsarin mulkin da kansa ya ba wa asali gindin zama a sashe na 147, inda ya wajabta minista ɗan asalin kowace jiha. Sakamakon ya juya abin da Amurkawa ke nema: wanda ya shekara talatin a Abuja ko Legas yana iya komawa ƙauyen kakansa ya karɓi tikiti, wanda aka haifa a Sabon Garin Kano ko a Sabo ta Ibadan, yake biyan haraji a can, ana ce masa baƙo. Ba haka abin yake ba tun fil azal, domin Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950.

Kwafo dokokin jihohin Amurka yadda suke ba zai gyara wannan ba, zai ma ƙara wa kotunan zaɓe wani sabon abin jayayya. Abin da shari'o'in da aka duba suka goyi baya shi ne wa'adin da bai wuce shekara guda ba, da hujjar zama wadda kowa zai iya gani, kamar rajistar zaɓe a mazaɓar, da sauraron ƙorafi kafin ranar zaɓe, da kariya ga wanda sabuwar iyaka ta fitar da gidansa. Idan Majalisar Tarayya za ta taɓa sashe na 65 da na 106, to ta rubuta a fili cewa zaman shekara guda ya isa mutum ya tsaya takara a inda yake zaune, ko da kakanninsa daga wata jiha suka fito.