Awon Binciken Likitocin Gaggawa a Amurka

A wannan fanni, jama'a, mudu ya girmi hatsin da ake aunawa. A 1964 Eugene Garfield ya fara buga kundin da ke ƙidaya yawan ambaton da masana ke yi wa rubuce-rubucen juna. Likitancin gaggawa kuwa sai a 1970 Jami'ar Sinsinati ta fara horar da ƙwararrunsa, aka amince da shi fanni mai cin gashin kansa a 1979. Ma'aunin da Jorge Hirsch ya kawo a 2005 ya ƙara fifita tsofaffin fannoni, domin ambato da shekaru yake taruwa. Likitan da ya kwana yana ceton waɗanda suka yi hatsari, kundin bai san da zamansa ba sai ya rubuta, wani kuma ya ambace shi.