Kwalejin Katsina da Mutanen da Ta Yaye

Wanda ya shiga birnin Katsina ya nemi gidan tarihi, za a kai shi wani tsohon gini na ƙasa mai kaurin bango. Wannan gini shi ne mazaunin Kwalejin Katsina na farko. A cikinsa aka soma karatu a shekarar 1921, sa'an nan Gwamnan Nijeriya na lokacin, Sir Hugh Clifford, ya zo ya buɗe ta da kansa ran 5 ga watan Maris 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

Kafin wannan akwai makarantun boko a ƙasar Arewa, amma ƙanana ne. Tun 1909 wani Bature, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya kafa makaranta a Nasarawa ta Kano, daga nan aka yi ta buɗe makarantun lardi. To, makaranta ba ta tafiya sai da malami, malaman kuwa babu. Turawa ba su da yawa, kuma sarakuna ba su yarda a kawo wa 'ya'yansu malaman mishan ba. Saboda haka aka ga dabara ita ce a horar da 'ya'yan Musulmi su koma su koyar da ƙannensu. Aka zaɓi Katsina domin garin malamai ne tun zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, kuma domin tana nesa da hanyar jirgin ƙasa. Gwamna ya faɗi wannan dalili na biyu a fili cikin jawabinsa. Ba a so samarin su cuɗanya da hayaniyar garuruwan ciniki, su kwaso ra'ayoyi irin na Ikko.

Shekara biyar ake yi. Ana koyar da Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da hanyar koyarwa, ga malaman Arabiyya da addini. An matsa wa ɗalibai ƙwarai a kan furucin Turanci, har ya zamana daga baya in tsohon ɗalibin Katsina ya miƙe yana magana a majalisa, Turawa da kansu sai su yi tsit. Da yamma kuwa a fita wasa, musamman wani wasa da ake buga ƙaramar ƙwallo a jikin bango da tafin hannu, wanda Ahmadu Bello ya riƙe har girmansa.

Kowane ɗalibi akwai lambarsa, kuma lambar nan ita ce ke nuna mana ƙanƙantar wurin. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, lambarsa 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928, lambarsa 145. Watau shekara bakwai ana ɗiba daga Sakkwato har Barno, daga Katsina har Ilori, ba a kai mutum ɗari biyu ba. Ku dubi faɗin ƙasar, ku dubi wannan adadi. Mace kuwa ko ɗaya babu.

Zancen samun aiki bai taɓa damun waɗannan samari ba. En'e ce ke aiko yaro, ita ke ɗaukar nauyinsa, in ya gama kuma wurinta zai komo. Tun bai karɓi takardar shaidarsa ba ajinsa na jiransa. Ahmadu Bello ya fita a 1931 ya zama malami a Midil ta Sakkwato, Abubakar Imam ya fita a 1932 ya koyar a Midil ta Katsina, Tafawa Ɓalewa ya fita a 1933 ya koma Midil ta Bauci. Sai dai allo da alli ba su iya riƙe su duka ba, gama kowane ofis na bukatar wanda ya iya Turanci da lissafi. Baitulmali na nema, ofishin Sarki na nema, ma'aikatar gona da ta asibiti na nema. A 1934 aka ɗauke Ahmadu Bello daga aji aka ba shi hakimcin Raba. Haka aka riƙa yi, makarantar da aka gina domin malamai ta koma rijiyar da kowa ke ɗiba, makarantun Midil kuma suka zauna kullum cikin ƙarancin malamai.

Wani aikin da ba a zata ba shi ne na rubutu. A 1933 Rupert East na ofishin fassara ya sa gasar ƙaga labari da Hausa. Cikin littattafan da suka yi fice akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda shi malami ne a kwalejin. Imam ya ci gaba ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Duk wanda ya koyi karatun boko da girmansa, ya sami abin da zai karanta da harshensa, hannun mutanen nan ya taɓa shi.

Turawan da suka kafa kwalejin nufinsu a sami malamai masu ladabi, masu biyayya ga sarakuna, waɗanda ba za su ta da ƙura ba. Ladabin kam an samu. Amma wanda ka koya wa karanta tarihin wasu ƙasashe, ba ka iya hana shi auna tasa ƙasar da su. Sa'adu Zungur, wanda ya yi Katsina sa'an nan ya wuce babbar kwalejin Yaba, ya komo Bauci ya haɗu da Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, suka riƙa zaman tattaunawa a kan al'amuran mulki wajen 1943 zuwa 1944, har abin ya dami hukuma. Aminu Kano shi ma ɗan makarantar ne, bayan an mai da ita Kaduna a 1938. A watan Agusta 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya kawo shawara a bincika tsarin En'e a gyara shi, domin talaka ya sami bakin magana cikin sha'anin garinsa. A wancan zamani wannan ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce, gama shi kansa ma'aikacin En'e ne, kuma ba ɗan sarauta ba. Sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba. Duk da haka aka yi binciken, cikin 'yan shekaru aka daina barin Sarki ya yanke al'amari shi kaɗai sai tare da majalisarsa. A wannan watan na Agusta ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Aminu Kano ya shugabanta daga baya, tsofaffin abokan makarantarsa kuwa suna cikin NPC. Makaranta ɗaya ta ba da masu mulki, ta kuma ba da masu yi musu gardama. Ahmadu Bello ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, aka kashe su duka biyu a juyin mulkin Janairu 1966. Allah Ya ji ƙansu.

Inda kwalejin ta gaza shi ne wajen zurfafa bincike. Ba domin haka aka gina ta ba. Ilmin kimiyya bai shigo ba sai wajen 1930, shi ma kaɗan. Likitan farko na ƙasar Arewa, Dokta Barau Dikko, ba ta Katsina ya bi ba. Daga makarantar mishan ta Wusasa ya tafi Ikko, daga can sai Birmingham ta Ingila. A Samaru kusa da Zariya akwai gonar gwaji tun shekarun 1920, inda ake binciken irin auduga da gyaɗa da dawa, amma shekara da shekaru Turawa ne masu binciken, 'yan ƙasa suna riƙe musu ma'auni. Da aka buɗe kwalejin jami'a a Ibadan a 1948, 'yan Arewa da suka cancanci shiga ba su taka kara sun karya ba. Wannan rashi shi ya sa, da mulkin kai ya matso, gwamnatin Arewa ta rasa isassun injiniyoyi da likitoci da lauyoyi na gida, tilas ta riƙa ɗaukar baƙi da kwantiragi kafin nata su taso.

A 1949 aka sake ɗauke makarantar daga Kaduna zuwa Zariya, ta zama sakandare sosai mai ɗakunan gwajin kimiyya. A nan Yakubu Gowon da Murtala Muhammed suka yi karatu. Shehu Shagari kuwa a Kaduna ya yi nasa, Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo daga baya. Daga Zariya ne kuma aka fara samun irin mutanen da Katsina ba ta iya bayarwa ba, kamar Iya Abubakar masanin lissafi, wanda ya yi digirin dokta a Cambridge, da Jibril Aminu likitan zuciya. Sunan Barewa da aka san ta da shi, a 1971 aka sa mata.

Gurbin binciken kuwa ɗalibi mai lamba 87 ne ya tsaya aka cike shi. Ran 4 ga watan Oktoba 1962 aka buɗe jami'a a Zariya, aka sa mata sunansa, aka haɗa mata kwalejin fasaha ta Samaru da makarantar koyon mulki ta Kongo da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano da tsohuwar gonar gwajin nan. Shugabanta na farko Bature ne, Norman Alexander. A 1966 Dokta Ishaya Audu ya gaje shi, sa'an nan a 1975 kujerar ta zo hannun Iya Abubakar.