Riƙon kare a Birtaniya: Yadda ake karɓar ƙananan karnukan da aka ceto, da giɓin da doka ta bari

A Birtaniya, karen da aka tsinta a titi ko wanda mai shi ya kasa kula da shi ba lallai ne ya ƙare a kejin gidan dabbobi ba. Ƙungiyoyin ceto da dama kan miƙa shi ga wani ɗan sa-kai ya zauna da shi a gidansa na makonni ko watanni, kafin a samo wanda zai mallake shi dindindin. Abin ya yi kama da abin da Bahaushe ke kira riƙo: mai riƙon yana ciyarwa yana tarbiyya, amma karen na ƙungiya ne, kuma galibi ita ce ke biyan kuɗin abinci da na likitan dabbobi.

Tsarin ceton yana da daɗaɗɗen tarihi. Mary Tealby ta kafa gidan da a yau ake kira Battersea Dogs & Cats Home a 1860 a unguwar Holloway ta Landan, kafin a mayar da shi Battersea a 1871. Ƙungiyar Dogs Trust kuwa ta samo asali ne a 1891. A ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990, ƙaramar hukuma kan tsare karen da ya ɓata na kwana 7. Idan mai shi bai bayyana ba, tana da ikon bayar da shi ga wata cibiya.

Amfanin riƙo shi ne yana bayyana halin kare. Wanda ya zauna da shi a gida shi zai iya faɗin ko yana tsoron yara, ko yana haushi in an bar shi shi kaɗai, ko ya koyi yin ba-haya a waje. Keji ba ya nuna waɗannan. Mai son karɓa kan cike takarda, a yi masa tambayoyi kan aikinsa da mazauninsa, sau da yawa a duba gidan, sannan ya gana da karen a wurin mai riƙo. Yakan biya 'yan ɗaruruwan fam, ya sa hannu a yarjejeniyar da ta kan tilasta masa mayar da karen ga ƙungiyar idan zama ya gagara.

Ƙananan karnuka sun fi samun masu so, musamman a birane inda ɗakuna ba su da faɗi. Sai dai ƙanƙantar jiki ba ta rage ɗawainiya. Da yawansu kan haura shekara 12 a raye, suna yawan fama da ciwon haƙori da gocewar ƙashin gwiwa, kuma irin masu gajeren hanci, kamar Pug da French Bulldog, an san su da wahalar numfashi da kan kai ga tiyata. Tun 6 ga Afrilun 2016 doka ta wajabta sanya wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, ɗauke da lambar da ke nuna mai shi, kuma tarar saɓa wa hakan na iya kaiwa fam 500. Don haka wajibi ne sabon mai kare ya tabbatar an sabunta bayanan rajistar.

Inda matsalar take shi ne sa ido. A 6 ga Afrilun 2020 aka fara aiki da dokar da ake kira Lucy's Law a Ingila, wadda ta haramta wa dillalai sayar da 'yan kwikwiyon da ba su kai wata 6 ba. An sanya mata sunan wata ƙaramar karya ce da aka ceto a 2013 daga wata gonar kiwon karnuka a Wales, inda aka yi ta sa ta haihuwa har ta nakasa. Dokar ta bar wa mai nema hanya biyu: ya je wurin makiyayin kai tsaye, ko ya karɓa daga cibiyar ceto. Amma ƙa'idojin lasisi na Ingila na 2018 ba su haɗa da cibiyoyin ceto ba, abin da ya ba dillali marar gaskiya damar fakewa da sunan ceto, ya kira farashinsa “gudummawa”. Scotland ta toshe wannan ƙofa a Satumbar 2021 da ta wajabta musu lasisi. Ƙungiyar gamayyar gidajen karnuka da kyanwoyi, ADCH, tana da ma'aunin da take ɗora mambobinta a kai, sai dai shiga cikinta ganin dama ne.

Haɗarin ya fi fitowa fili a karnukan da ake shigowa da su daga ƙetare, musamman gabashin Turai. A Afrilun 2022 gwamnati ta dakatar da shigo da su na ɗan lokaci daga Romaniya, Poland, Belarus da Yukiren saboda fargabar ciwon haukan kare. A shekarar ce kuma wata mata da ta karɓi riƙon karyar da aka kawo daga Belarus ta kamu da ƙwayar cutar Brucella canis, wadda ke sa karnuka ɓari kuma take iya kama mutum. Daga bisani aka kashe karnukanta na gida. Shi ya sa likitocin dabbobi ke shawartar mai karɓa ya nemi takardun riga-kafi da sakamakon gwajin jini, ya kuma ga karen a gidan mai riƙo da idonsa kafin ya biya ko sisi.