Cire murfin furosesa

Cire murfin furosesa (sunan aiki, fannin kwamfuta): ɓamɓare farantin tagulla da ke rufe ƙwayar furosesa, a goge man da ke ƙarƙashinsa, a shafa wanda ya fi shi jan zafi, don a samu damar ƙara mata gudu fiye da na kamfani. Aikin ya yaɗu daga 2012, lokacin da Intel ta bar dalma ta koma amfani da mai a jerin Ivy Bridge. Masu suka na cewa ganganci ne, kuma da gaskiyarsu: rezar da ake ɓamɓarewa da ita ta ɗan kauce, ƙwayar ta tsage, garanti ya tafi. Ruwan ƙarfen galiyom da ake ɗigawa a madadin man kuwa yana cin alminiyom, wutar lantarki kuma na bi ta cikinsa. Duk da haka a gari mai zafi da laima irin Libreville, mai gyara a unguwar Oloumi ya san iskar da fanka ke hurawa ma da ɗuminta take shigowa, don haka rage zafin daga tushe ba wasa ba ne. Sai dai Intel ta dawo da dalma a i9-9900K a 2018. Kan irin waɗannan, ribar ba ta kai kasadar ba.