Ranar da Aka Buga Mini Guduma: Daga Ina Dokokin Muhawarar MUN Suka Fito?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau da abin kunya zan fara. Karon farko da na je taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ɗalibai ke kira MUN, an ba ni wata ƙasa in wakilta. Kwana uku ina haddar jawabi. Da aka buɗe zama wani wakili ya faɗi abin da na san ba daidai ba ne, sai kawai na miƙe na fara ba shi amsa. Shugabar zaman, yarinya ce da ba ta fi ƙanwata ba, ta buga guduma ta ce ba a ba ni dama ba, in zauna. Na ɗaga kwalin da ke ɗauke da sunan ƙasata, ta sa ni a jerin masu magana, na goma sha wani abu. Kafin layi ya zo kaina wani ya nemi a rufe muhawara, aka kaɗa ƙuri'a, aka rufe. Wallahi haka na koma gida da jawabina a aljihu. A mota nake ta tambayar kaina, wai wa ya ƙirƙiro waɗannan dokoki ne?

To, amsar ta kai ni wajen wani mutum da shi ma kunya ce ta tura shi. Sunansa Henry Martyn Robert, injiniyan sojan Amurka. A 1863 aka roƙe shi ya jagoranci wani taro a coci a garin New Bedford. Ya karɓa, taro ya rikice masa, kowa na magana, shi kuma bai san wa zai tsayar ba. Daga nan ya shiga nazarin yadda majalisu ke gudanar da zama, har a 1876 ya fitar da littafin da ake kira Robert's Rules of Order. Ba daga sama ya tsinto dokokin ba. Ya ɗauko su ne daga majalisar dokokin Amurka, ita kuma ta gaje su daga ta Ingila, ta hanyar littafin da Thomas Jefferson ya wallafa a 1801. Shi Robert sauƙaƙa su ya yi domin ƙungiyoyin gari.

Ginshiƙan ba su da yawa. Batu ɗaya ake tattaunawa a lokaci ɗaya. Ba ka magana sai shugaba ya ba ka dama, kuma shi kake fuskanta, ba abokin gardamarka ba. Masu rinjaye ne ke yanke hukunci, amma sai an bar marasa rinjaye sun faɗi tasu. Shi ya sa a tsarin Robert rufe muhawara ke buƙatar kashi biyu cikin uku: toshe bakin mutane ba abu ne da za a yi da rinjayen mutum ɗaya ba.

Su kuma ɗalibai sun fara wannan kwaikwayo tun kafin a haifi Majalisar Ɗinkin Duniyar kanta. A shekarun 1920 ɗaliban jami'o'in Oxford da Harvard suna kwaikwayon tsohuwar majalisar ƙasashe, wadda aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da aka kafa sabuwa a 1945 sai suka sauya suna suka ci gaba. Da yake a Amurka abin ya fi bunƙasa, sai suka yi amfani da dokokin da suka saba da su a ƙungiyoyinsu, wato irin na Robert. A 1968 aka fara babban taron birnin Hague a Holan, da nasa salon, inda ake fara haɗa ƙuduri tukuna sannan a shigo zaure a yi muhawara a kai.

Nan ne abin ya ba ni mamaki. Ashe yawancin abin da muke yi a MUN ba haka ake yi a New York ba. Wannan gajeriyar muhawara da ake nema, a ce minti goma, kowa daƙiƙa talatin, babu ita a dokokin Babban Zaure. A can, ainihin aikin a ƙananan ɗakuna ake yin sa, ana jan kalma ɗaya kwana da kwanaki, kuma mafi yawan ƙudurori ba a ma kaɗa musu ƙuri'a, yarjejeniya ake yi. Shi ya sa Majalisar da kanta ta fito da wani tsari mai suna UN4MUN domin ta kusanto da ɗalibai ga yadda take aiki.

Amma kada wani ya ce to ashe dokokin wasan yara ne. Ga misali biyu.

Na farko, 1960. Ranar 7 ga Oktoba Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi. Kwana biyar bayan nan, ranar 12 ga wata, wakilin Filifin Lorenzo Sumulong yana magana kan mulkin mallaka, sai ya sako ƙasashen gabashin Turai da ke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Nikita Khrushchev ya fusata, ya nemi a tsayar da shi bisa hujjar saɓa ƙa'ida. Ranar ce ake cewa ya buga takalmi a tebur, kodayake har yau waɗanda suka halarta sun saɓa a kan hakan. Abin da ba a musu a kai shi ne, shugaban zaman Frederick Boland na Ailan ya yi ta buga guduma har ta karye. Ku lura da wani abu: mutumin da ke da makaman nukiliya, da yake son katse wakilin ƙaramar ƙasa, sai da ya bi ta ƙofar ƙa'ida.

Na biyu ya fi nauyi. Shekara da shekaru gwamnatin Taiwan ce ke zaune a kujerar Sin. Sashe na 18 na kundin Majalisar ya ce muhimman batutuwa sai da kashi biyu cikin uku. Daga 1961 Amurka ta riƙa sa a ayyana batun kujerar Sin a matsayin muhimmi, don ko da masu goyon bayan Beijing sun yi rinjaye, ba zai isa ba. Ranar 25 ga Oktoba 1971 aka sake kawo wannan buƙata, sai ta faɗi: 55 suka goyi baya, 59 suka ƙi, 15 suka ƙaurace. Daga nan magana ta ƙare. Wakilan Taiwan suka fice, aka zartar da ƙuduri mai lamba 2758 da ƙuri'a 76 da 35. Kun ji fa, ƙuri'a huɗu a kan tambayar "wace doka za mu bi" su suka buɗe ƙofar.

Ko a Kwamitin Sulhu haka ne. Ƙasashe biyar na iya hawa kujerar na ƙi a kan ƙuduri, amma a batun tsarin zama ba su da wannan iko, ƙuri'a tara cikin goma sha biyar ta wadatar. Kuma dokokin zaman kwamitin, tun 1946 har gobe sunansu "na wucin gadi".

'Yan Najeriya biyu sun riƙe gudumar Babban Zaure: Joseph Garba a 1989, da Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Zagga ta Jihar Kebbi, a 2019. Saboda haka ba kujerar wasu ba ce.

Ni dai abin da na koya, wanda ya rufe muhawara a kaina bai fi ni sanin batun ba, ya fi ni karanta takardar dokoki ne, wadda aka turo mana mako biyu kafin taro ban buɗe ba. A taro na gaba ni na fara ɗaga kwali, kuma da aka nemi rufe muhawara alhali ƙananan ƙasashe ba su yi magana ba, na tashi na yi adawa, muka hana su kashi biyu cikin uku.

In kana shirin zuwa MUN, fara tambayar wane tsari za su bi, na Amurka, na Hague ko na UN4MUN, domin ba ɗaya ba ne. Wanda kuma aka taɓa buga wa guduma irina, ya ba mu labari a ƙasa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.